Wai me ya sa ake ce wa wurin nan Scotch Corner alhali ba a Sikotland yake ba?

Abban_Walid: Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka saba bin hanyar arewa. Ƙarshen watan nan zan ɗauki iyali daga Leeds zuwa Gilasgo bikin kammala karatun ƙanina, taswirar waya sai nuna min take in bi A1(M) har wani wuri wai shi Scotch Corner in saki hanya in shiga A66. Da na ga sunan na ɗauka bakin iyaka ne, ina dubawa sai na ga ashe cikin North Yorkshire yake, Ingila tsundum. To me ya kawo sunan? Na biyu kuma akwai wurin tsayawa na kirki a wajen? Yara uku ne da ni ƙaramar shekararta biyu, kuma wannan ne karo na farko da zan yi doguwar tuƙi a ƙasar nan.

Gajere_07: Wa alaikumus salam. Hhhh kai ma sunan ya yaudare ka kenan. Ni ranar da na fara bi ta wajen har hoto na ɗauka na tura wa mutane na ce ga ni a Sikotland, ashe da sauran tafiyar awa ɗaya da rabi kafin in ga iyaka

Direban_Dare: Malam Abban Walid sannu. Shekara tara ina jan tirela a kan hanyar nan, sati bai cika wucewa ban zaga shataletalen nan ba. Maganar suna ba wani abu ba ne mai wuya, nan ne hanyar Sikotland take rabuwa biyu ga wanda ya taso daga kudu. In gabashi za ka, wato Edinbara, sai ka miƙe a kan A1 ka wuce Durham da Newcastle har Berwick. In kuma yamma za ka wato Gilasgo sai ka karya hagu ka hau A66, mil 50 ne zuwa Penrith, daga nan ka hau M6 ka wuce Carlisle ka tsallaka iyaka a Gretna. Kwanar masu zuwa Sikotland kenan. Wayarka ba ta yi maka ƙarya ba, hanyarka ce. Mahaɗa ta 53 za ka fita.

Maman_Hanifa: Game da wurin tsayawa, akwai. Kamfanin Moto ne yake da shi, yana jikin shataletalen, guda ɗaya ne ga mai zuwa da mai dawowa ba irin waɗanda ake yi biyu suna kallon juna ba. Akwai gidan mai, banɗaki, wurin canza wa jariri, Costa, Burger King, ɗan shagon M&S, da Travelodge in kwana ya kama ka. Amma gaskiya ƙarami ne kar ka sa rai da wani ƙaton wuri, ranar Juma'a da yamma ko lokacin hutun makaranta sai ka zaga sau biyu kafin ka samu wurin fakin. Ni dai in da yara nake na fi son Wetherby, ya fi fili.

Direban_Dare: Hajiya ai daga Leeds ya taso, Wetherby ko minti talatin bai yi ba zai iso ta, me zai tsaya yi? Yaran ma ba su gama gyara zama ba. Scotch Corner ce daidai da shi, wajen awa guda da tashi, kuma ita ce ta ƙarshe mai komai da komai kafin ya hau tudu.

Maman_Hanifa: Haka ne kuma, na manta daga Leeds ne. Ni lissafin mai tasowa daga Landan nake yi

usy_boro: ni abin da yake bani haushi da wajen shine shataletalen kansa, fitilu kota ina ga layi layi, in baka shiga layinka tun da wuri ba sai ka tsinci kanka a hanyar Richmond. Sau daya na taba yin haka da daddare sai da na shiga wani kauye Skeeby kafin na samu wajen juyawa. Ka karanta abin da aka rubuta a kasan kwalta tun kana gangarowa

Alƙalami: Ku bari in sa baki, don wannan wurin yana cikin wuraren da in na wuce sai na rage gudu ko ba dalili. Abin da Direban_Dare ya faɗa daidai ne, sai dai rabuwar hanyar nan ta girmi Ingila da Sikotland ɗin kansu. Rumawa sun shigo Birtaniya a shekara ta 43 miladiyya, da suka matso arewa sai suka shimfiɗa hanya daga York ta bi ta Catterick, ta tsallaka kogin Tees a Piercebridge, ta wuce Corbridge har cikin ƙasar da yanzu ake ce wa Sikotland. Ita ce daga baya aka sa wa suna Dere Street. A daidai wannan tudun kuma wata hanyar ta balle ta yi yamma ta haye tudun Stainmore zuwa Carlisle. A1 ta hau kan ta farko, A66 ta hau kan ta biyu. Shi ya sa in ka lura daga Leeming zuwa nan hanyar a miƙe take sak kamar an ja da zare, aikin Rumawa ne, su ba su san kwana-kwana ba. Mahaɗar tasu tana ɗan arewa kaɗan da shataletalen yanzu, tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintuna. Wato kusan shekara dubu biyu kenan mutum yana isowa wannan wurin yana tambayar da Abban Walid ya yi, hagu ko miƙe.

Gajere_07: To fa, malamin tarihi ya iso. Kowa ya nemi kujera

Injiniya_Bash: Ƙarin bayani a kan na Alƙalami ta ɓangaren zamani. Da can mahaɗa ce ta ƙasa kawai kowa yana gittawa, a 1971 ne aka raba ta hawa biyu, A1 ta wuce ta ƙasa shataletalen yana sama. Amma har bayan nan wannan yankin ba babbar hanya ba ce irin mai shuɗin allo, tagwayen hanya ce kawai da motocin gona suke shigowa daga gefe, ga gibi a tsakiya inda ake juyawa, haɗari ba a magana. Sai a 2014 aka fara aikin Leeming zuwa Barton, mil 12, aka mai da shi layi uku kowane hannu, aka gama a 2018. Wannan guntun shi ne ya rage, da aka gama shi ne ya zama mutum zai iya tashi daga Landan ta M1 ya hau A1(M) har Newcastle bai sauka daga babbar hanya ba.

Alƙalami: Yauwa Injiniya, kuma wannan aikin naku ne ya tono abin da nake son in faɗa. A ƙasar nan ba a barin a zuba kwalta sai masu binciken kayan tarihi sun riga katafila shiga. Da suka tona a Scotch Corner sai ga gari guda a binne, wanda ya riga sansanin Rumawa na York, shi kuwa York a shekara ta 71 aka kafa shi. Sun samu gutsattsarin faranti na yumɓu masu ƙananan ramuka, sama da dubu, irin waɗanda ake narka zinariya da azurfa a ciki a fitar da ƙwayoyin da ake buga kuɗi da su, kuma ba a taɓa samun irinsu can arewa haka ba. Sun samu tukwane da gilasai da aka kawo daga ƙetaren teku, har da wani ɗan gunki da aka sassaƙa da ƙaro wanda ake ganin daga Italiya ya fito. Mutanen yankin su ne ake kira Brigantes, sarauniyarsu Cartimandua, ita kuwa ta zaɓi ta yi ƙawance da Rumawa maimakon ta yaƙe su, har ta kama Caratacus, wani jagoran 'yan ƙasar da yake yaƙar Rumawa, da ya gudo wurinta neman mafaka ta miƙa musu shi a shekara ta 51. Mil kaɗan daga nan akwai Stanwick, ganuwa ce ta ƙasa da ta zagaye kusan hekta 300, masana da yawa suna ganin nan ce fadarta. To ka ga kayan alatun nan ba daga sama suka faɗo ba, ladan biyayya ne.

Uwar_Biyu: Ikon Allah. Ni da nake tsayawa in sayi shayi in wuce ashe a kan gari nake taka ƙafa. To ya ta ƙare da ita sarauniyar?

Alƙalami: Ba ta ƙare da daɗi ba Hajiya. Ta rabu da mijinta Venutius ta auri mai ɗaukar masa makamai, shi kuma ya tara jama'a, a shekara ta 69 lokacin da Rum kanta take cikin rikicin sarauta ya tumɓuke ta, Rumawa suka samu suka fitar da ita da rai amma ƙasar ta koma hannunsa. Bayan nan ne suka daina lallashi suka shigo da sojoji gaba ɗaya.

sadiq_ncl: Na taba karantawa wai a nan aka yi yakin karshe tsakanin Rumawa da Brigantes din, har ana ce masa yakin Scotch Corner, shekara ta 71

Alƙalami: Ana faɗa, ni ma na sha gani. Abin da yake tabbas shi ne gwamnan Rumawa Petillius Cerialis ya kama aiki a 71 kuma ya yaƙi Brigantes ya ci ƙasarsu da yawa. Amma a ce ga filin da aka gwabza, a nan ne daidai gidan man nan, wannan ni ban yarda a riƙa faɗinsa kamar an ga gawarwaki ba. Abin da aka tono a wurin ya fi kama da kasuwa da maƙera.

Dogo_Mai_Kafinta: Ku yi haƙuri amma ni fa duk wannan bai dame ni ba. Bawan Allah ya yi tambaya a kan inda zai tsaya da yara kun kai shi shekara ta 51. Wuri ne da shataletale da gidan mai da otal, shi kenan, kuma man ma ya fi tsada kamar kowane gidan mai na kan babbar hanya. Abban Walid ka cika tankinka a babban kanti a Leeds kafin ka taso, ka tsaya a can don banɗaki kawai.

Abban_Walid: A'a Malam Dogo ai tambaya biyu na yi, ta sunan ma ina so. Wallahi ina jin daɗin bayanin. Amma shawarar man na ɗauka, na gode

Direban_Dare: Abin da ya kamata a gaya masa wanda har yanzu ba wanda ya faɗa shi ne ita A66 ɗin kanta, tunda ƙarshen Nuwamba zai yi tafiyar. Daga Scotch Corner za ka ga hanya lafiya lau tagwaye, sai can ta tsuke ta koma falle ɗaya, sai ta sake buɗewa, sai ta sake tsukewa, haka za ku yi ta yi har Penrith, kuma a wuraren tsukewar nan ne mutane suke kashe kansu don mai ƙaramar mota ya gaji da bin bayan tirela sai ya ce bari ya wuce. Mu doka ta tsayar da mu a mil 50 a awa a kan falle ɗaya, ba mugunta ba ce, ka yi haƙuri ka bi mu minti biyar gaba kaɗan za ta buɗe. Sannan tsakanin Bowes da Brough ne ake hawa Stainmore, sama da mita 400, ba gida ba bishiya sai tumaki da iska. Akwai ƙofofin ƙarfe a duka ɓangarorin biyu, in dusar ƙanƙara ta sauko 'yan sanda rufewa suke yi kawai. Wani lokacin kuma ba ƙanƙara sai iska, sai a hana mu masu dogon bodi mu kaɗai. Na taɓa barin Scotch Corner rana tana haskawa, kafin in kai Bowes ko fitilar motar gabana ba na gani. Kafin ka bar zangon ka duba shafin National Highways, hukumar manyan hanyoyi, a waya, in an rufe kar ka tsaya jira, ka miƙe arewa zuwa Newcastle ka bi A69 zuwa Carlisle, ta fi nisa amma ba ta kai wancan tudun ba.

Gajere_07: Zango kuma? Direba ka fito da tsohuwar Hausa

Direban_Dare: To me zan ce masa? Inda matafiya suke sauka su huta su ci abinci su ba abin hawa abinci su tashi, ai zango ne. Ni duk wani sabis na kan hanya haka nake ce masa

Alƙalami: Kuma kalmar ta zauna daram, don kafin gidan mai masaukin masu keken doki ne a wurin, sunansa Three Tuns, wato manyan ganguna uku. Zamanin da ake kiran hanyar Great North Road tafiyar Landan zuwa Edinbara kwanaki take ɗauka, dole kowane 'yan mil a samu inda za a canza dawaki. A 1939 aka rushe shi saboda faɗaɗa hanya aka gina Scotch Corner Hotel, wannan jan ginin da kuke gani a ɗaya ɓangaren shataletalen, yanzu Holiday Inn ne. Ku duba shekarar, ana buɗe shi yaƙin duniya na biyu yana ɓarkewa, sai sojoji suka karɓe wani sashe nasa. Shi kuma zangon da Maman Hanifa ta bayyana wajen 1980 ya zo. Dawaki sun koma fetur, yanzu kuma ga na'urorin cajin mota.

Fa'iza_M: Tunda an zo maganar caji, akwai da gaske? Motar lantarki gare mu kuma mijina ba ya son tsayawa inda bai sani ba

usy_boro: akwai, nasha ganin motoci a jone. Amma ki duba manhajar caji kafin ku isa kiga ko ba layi, kuma ku cika sosai don hawan tudun nan da sanyi yana shan batir ba kadan ba

Uwar_Biyu: Ni gargaɗina a kan fakin ne. Ba a nan ba, a wani zangon daban can kudu, ba sai na faɗi suna ba. Mun taso da dare maigida ya ce barci yake ji, muka tsaya ya kwantar da kujera, ni ma na bi shi, ba mu farka ba sai bayan awa uku da wani abu. Ba wanda ya ce mana komai muka tafi abinmu, bayan sati biyu sai ga wasiƙa da hoton motarmu tana shiga tana fita, fam 100, in ka biya cikin kwana 14 fam 60. Kyamara ce take ɗaukar lamba. Na yi ta masifa amma da na tuna da barcin nan a kan sitiyari zai yi shi sai na ga fam 60 ba komai ba ne.

Injiniya_Bash: Ƙa'idar gwamnati ita ce duk zangon da aka sa masa allo a babbar hanya dole ya ba da aƙalla awa biyu na fakin kyauta, banɗaki kyauta ko ba ka sayi komai ba, kuma a buɗe dare da rana duk shekara. In za ka wuce lokacin sai ka biya a ciki ko ta waya. Karanta allon da ke wurin fakin ɗin shi ne kawai. Littafin dokokin hanya kuma cewa ya yi a huta aƙalla minti 15 bayan kowace awa biyu.

Direban_Dare: Ku kenan da ake ba shawara. Mu na'ura ce a mota take rubuta komai, awa huɗu da rabi in ka yi dole ka tsaya minti 45 ko kana so ko ba ka so. Kuma mu ba ma cika shiga na Scotch Corner ba saboda ƙanƙantarsa, akwai tashar manyan motoci a Barton gaba kaɗan, mahaɗa ta 56

sadiq_ncl: Wannan ma wani abin ne da ya dade yana daure min kai. Daga 53 sai 56, ina 54 da 55 suka shiga?

Injiniya_Bash: Babu su. Ɓangaren arewa daga Barton zuwa sama an gina shi tun shekarun 1960, shi kuma na kudu a hankali aka riƙa yinsa guntu-guntu, to lambobin an tsara su ne da tunanin mahaɗu nawa za a samu a tsakani, da aka zo ginin ƙarshe sai aka yi ƙasa da haka. Canza lambobin duk arewa kuma ya fi barin gibin tsada.

Gajere_07: Rumawa ne suka tafi da su

Maman_Hanifa: Abban Walid in kana son yaran su ji daɗi ga wata dabara. Ka yi banɗaki a Scotch Corner in ya matsa, amma mil kaɗan bayan ka hau A66 akwai wata gona Mainsgill a hannun hagu, suna da shago da wurin cin abinci da dabbobi, har da raƙuma. Eh raƙuma a Yorkshire, ni ma sai da na sake kallo. Yarana har yau in mun doso wajen sai sun fara ihun raƙumi raƙumi. Sai dai ka kula da fitowa daga wurin ka koma kan hanya, motoci a guje suke.

Dogo_Mai_Kafinta: In maganar zango mai kyau ake yi ai Tebay ce a kan M6, sauran duk bayanta suke. Iyalin manoma ne suka buɗe ta a 1972 da hanya ta ratsa gonarsu, ga tafki ga agwagi ga tsaunuka

Direban_Dare: Tebay tana kudu da Penrith Malam Dogo, wanda ya fito ta A66 ya riga ya wuce ta, sai dai in zai koma baya. Shi Southwaite ce a gabansa kafin Carlisle. Sai fa in ta A65 zai bi, Skipton da Settle ya faɗa M6 a mahaɗa ta 36, to nan zai same ta, amma wannan hanyar da yara uku da kwana-kwana ban ba shi shawara ba, amai za su yi masa

Fa'iza_M: Wai ni wancan ginin da aka kafa ƙarafa aka bari kusa da shataletalen fa? Tun zuwana ƙasar nan nake ganinsa

usy_boro: Designer Village kenan, kasuwar kayan sawa ta masu rangwame. Tun 2016 aka basu izini, an sha sa ranar budewa ana dagawa. Ni dai tunanina daya ne, shataletalen da yanzu ma yake cika ran Juma'a in aka kara masa masu zuwa sayayya ya za a yi

Injiniya_Bash: Shi ya sa gyaran mahaɗar yake cikin babban aikin A66, wanda zai mai da sauran mil 18 na falle ɗaya su zama tagwaye daga nan har Penrith. An sa hannu a kan izininsa a watan Maris na 2024. Su mutanen Northumberland ba su yi wannan sa'ar ba, nasu aikin na A1 daga Morpeth zuwa Ellingham soke shi aka yi a Oktoban 2024, har yanzu mai zuwa Edinbara ta gabas sai ya bi bayan tarakta.

sadiq_ncl: Kar ka tuna min. Shi yasa ni in zan je Edinbara wani lokacin A68 nake bi, mahada ta 58, ta Corbridge da Carter Bar. Hawa da gangara kamar lilo amma ba manyan motoci sosai

Alƙalami: Ka ga kai ne ma kake bin Dere Street ta ainihi, don A1 tana sakin ta jim kaɗan bayan Scotch Corner, A68 ce take sake hawa kanta a arewa da Corbridge. Wannan lilon da kake ji saboda sun ƙi kauce wa tudu ne. Af, na manta ɗazu, a 2025 aka bayyana wani tarin kaya da aka tono a Melsonby, ƙauye ne nan kusa, abu sama da 800 na zamanin su Cartimandua, a ciki har da ƙarafan ƙafar keken doki 28 da kayan ɗamarar dawaki. Jami'ar Durham ce ta yi tonon. Wato tun kafin kwalta mutanen wannan yankin harkar abin hawa suke yi.

Baba_Sule_Hull: Na karanta duk abin da kuka rubuta yara. Ni na bi hanyar nan tun kafin a yi mata layi uku, lokacin in ka fito daga zangon da dare sai duhu kawai da fitilar otal. Abin da nake so in ƙara a kan suna, ni a ganina ba rabuwar hanya kaɗai ba ce. Shekaru ɗari biyu da wani abu da suka wuce makiyaya daga Sikotland suna koro shanu a ƙafa zuwa kasuwannin Ingila, dubbai, kuma Stainmore tana cikin hanyoyinsu, har kasuwar dabbobi ake ci a Brough. Mutumin Yorkshire da yake zaune a nan, ta wannan kwanar yake ganin 'yan Sikotland suna ɓullowa. To ko ba mai tafiya arewa ne ya raɗa sunan ba, mai kallon masu saukowa ne? Ra'ayina ne kawai.

Direban_Dare: Baba da girmanka amma ni na fi yarda da na farko. Duk wanda ya riƙe sitiyari daga kudu ya san nan ne ake yanke shawara

Alƙalami: Baba Allah ya ƙara girma, maganar shanun gaskiya ce an yi wannan fatauci, kuma biyun ba sa karo da juna, hanyar da ta kai ka ita ce take kawo su. Wani abin kuma da zai ba Abban Walid dariya, zatonsa na bakin iyaka bai yi nisa da gaskiya sosai ba, ya dai makara ne da shekara kusan dubu. A kan Stainmore gefen A66 akwai guntun wani dutse da ake kira Rey Cross, akwai zamanin da ake ɗaukarsa a matsayin iyakar Ingila da ƙasar da ke ƙarƙashin sarakunan arewa. A wannan dajin ne kuma aka kashe Eric Bloodaxe, sarkin Vikin na ƙarshe a York, a 954.

Fa'iza_M: Shawara ɗaya Abban Walid, in ka isa Gilasgo kar ka ce wa mutum Scotch. Tsohuwar kalma ce da Ingilishi suke kiransu da ita, su ba sa so, Scottish ko Scots suke cewa. Wata abokiyar aikina ta taɓa gyara min a gaban mutane ban ji daɗi ba ranar

Gajere_07: To ai sai su zo su canza allon

Uwar_Biyu: Ba wanda ya ambaci Richmond kuma ga ta nan mil kaɗan, garin yana da kyau wallahi, tsohuwar fada tun 1071 a kan kogin Swale, kasuwa a tsakiya da duwatsu a shimfiɗe. Mazaɓar tsohon firaminista Rishi Sunak ce. In da rani ne da na ce ku ratse ku yi awa ɗaya. usy_boro da ka ƙarasa ranar da ka ɓata ai da ka ga gari

usy_boro: karfe daya na dare Hajiya, me zan gani

Direban_Dare: Gara ma da ba rani ba ne. Farkon watan Yuni in ana kasuwar dawaki ta Appleby hanyar nan sai ka yi haƙuri, keken doki a kan A66 suna tafiya a hankali ga layin motoci a baya har inda ido ya tsaya

Abban_Walid: Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, ban zaci abin zai kai haka ba. Yadda na tsara, zan sha mai a Leeds, mu tashi da safe don in haye tudun nan da rana, in tsaya a Scotch Corner in duba ko hanya a buɗe take. Maganar raƙuma kuma na yi kuskure na karanta da ƙarfi yaran sun ji, yanzu ba fashi. Sunan dai har yanzu ban san wa zan bi ba tsakanin Baba Sule da Direba. Malam Alƙalami shi dutsen nan ana hango shi daga mota ko sai an tsaya?

Alƙalami: Ƙarami ne, a cikin ɗan shinge yake kusa da wani wurin ratsewa, in kana gudu ba za ka lura ba. Kuma yana hannun masu dawowa gabas, ka bari sai a komowa.

Direban_Dare: Idonka a kan hanya dai malam. Layin hagu tun daga gangaren fita, A66 Brough Penrith za ka gani a rubuce